Taku 124 a Bagiyo: Canjaras Tsakanin Mutum Biyu da Ba Sa Ga-Maciji

Wanda ya koya mini darar Turawa, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, wani tsohon malamin lissafi ne a unguwarmu a Damagaram. Ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet yana saurayi, ya dawo da ilimi da kuma son wannan wasa. Duk unguwa Mushe muke ce masa. Bayan la'asar yakan sa a fito masa da tabarma da allon wasan a ƙofar gida, wanda ya ga zai iya sai ya zauna.

Wata rana mun daɗe muna fafatawa, na gaji, ga magariba ta gabato, sai na ce masa, "Mushe, mu bar shi canjaras mana." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, kai canjaras wurin hutawa ka ɗauke shi. Akwai canjaras ɗin da ya fi kaye ciwo." Washegari ya zo da wani tsohon littafin rubutu da ya kwafe wasannin manya a ciki da hannunsa, ya buɗe mini shafin wasa na biyar na gasar zakaran duniya ta 1978, tsakanin Viktor Korchnoi da Anatoly Karpov. Taku 124 ne. Ya ce in je in bi shi a kan allo taku bayan taku, kada in dawo sai na gama.

Ni ba gwani ba ne, ɗan koyo ne da ya daɗe yana koyo. Abin da zan kawo a nan shi ne abin da idon ɗan koyo ya gani, tare da tarihin da ya sa wasan ya yi nauyi.

Sai mai karatu ya san mutanen biyu kafin ya gane dalilin da ya sa suka ƙi tashi daga teburi. An haifi Korchnoi a Leningirad a 1931. Yana yaro sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya a yaƙin duniya na biyu, ya ga yunwa da mutuwa da idonsa. Ya zama zakaran Tarayyar Sobiyet sau huɗu, a lokacin da cin gasar ƙasar ya kusa yin wuyar cin ta duniya. Shi kuwa Karpov an haife shi a 1951 a garin Zlatoust, yankin duwatsun Ural. Shekara 20 ce tsakaninsu. A 1974 suka haɗu a Mosko domin fitar da wanda zai ƙalubalanci Bobby Fischer na Amurka. Karpov ya ci uku, Korchnoi ya ci biyu, aka yi canjaras 19. Da Fischer ya ƙi fitowa ya kare kambunsa a 1975, sai aka naɗa Karpov zakaran duniya ba tare da an tura soja ko ɗaya ba.

Korchnoi ya yi imani hukumomin ƙasarsa sun fifita yaron a kansa, kuma bai ɓoye ba, ya faɗa a jarida. Aka hukunta shi, aka rage masa alawus, aka hana shi fita waje na wani lokaci. A watan Yuli na 1976, bayan wata gasa a Amstadam, ya nemi mafaka a Holan, daga baya ya koma Suwizalan. Matarsa da ɗansa suka rage a gida, aka hana su fita. A idon gwamnatin Sobiyet ya zama maci amana. Amma duk da haka ya kayar da manyan 'yan wasanta uku a jere, Petrosian da Polugaevsky da Spassky, ya samu damar ƙalubalantar Karpov. To ka ga, a 1978 ɗan lelen gwamnati ne ya zauna gaban wanda ya gudu ya bar ta, kuma iyalin mai gudun suna hannunta.

An yi gasar a Bagiyo, wani gari a kan duwatsu a ƙasar Filifin, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba. Rigima ta fara tun kafin wasa. Korchnoi ya so a sa masa tutar Suwizalan a teburi, tawagar Sobiyet ta ce ba ɗan ƙasar ba ne, daga ƙarshe aka cire tutoci gaba ɗaya daga teburin. Aka kwance kujerar da ya zo da ita aka ɗauki hoton cikinta da na'ura, wai ko an ɓoye wani abu. A wasa na biyu aka kawo wa Karpov kofin kindirmo ana tsakiyar wasa, mutanen Korchnoi suka rubuta ƙorafi cewa yana iya zama saƙo a ɓoye. Akwai kuma wani likitan halayyar ɗan Adam, Vladimir Zukhar, da ke zama cikin 'yan kallo yana zura wa Korchnoi ido, shi kuma Korchnoi yana sanye da tabarau mai madubi. Alƙalin gasar, Lothar Schmid na Jamus, wanda ya yi alƙalancin Fischer da Spassky a 1972, ya sha fama.

Dokar gasar ita ce ta ba labarin nan ma'ana. Wanda ya fara cin wasa shida shi ne zakara. Canjaras ba a lissafa shi ko kaɗan, ko sau ɗari za a yi. Wasanni huɗu na farko duk canjaras aka tashi. Haka aka shiga na biyar a ƙarshen watan Yuli, babu wanda ya ci ko ɗaya.

Ga wanda bai saba da allon ba, gida 64 ne, rabi fari rabi baƙi. Layukan tsaye ana kiran su da haruffa daga a zuwa h, na kwance da lambobi daga 1 zuwa 8. A majalisar Mushe muna kiran 'ya'yan wasan sarki, sarauniya, hasumiya, doki, giwa da soja. Giwa ita ce wadda Faransawa ke kira wawan sarki, mu muka bi Larabawa. Wasan ma ba baƙo ba ne ƙwarai a yankinmu, domin an yi wani nau'insa a fadar Borno da sunan tsatsarandi. Abu guda nake so a riƙe game da giwa: a karkace take tafiya, saboda haka wadda ta fara a farin gida ba za ta taɓa taka baƙi ba har a tashi, haka ma 'yar uwarta ta baƙin gida.

Korchnoi ne da farare, shi ya fara. Karpov ya kare da tsarin da ake kira Nimzo, inda baƙi ke ba da giwarsa guda a madadin dokin farare tun da wuri. Sakamakon haka Korchnoi ya rage da giwaye biyu, mai farin gida da mai baƙin gida, ga fili a gabansa. A hankali ya tura rundunarsa ɓangaren da sarkin Karpov yake. Da na bi wannan sashe a kan allo, ban ga wata dabara mai walƙiya ba. Matsi ne kawai, kamar yadda ake ƙara wa jaki kaya ƙulli bayan ƙulli. An kai inda sarkin Karpov ya bar maɓoyarsa ya fito tsakiyar allo alhali sarauniyoyi suna nan da ransu. Duk wanda ya taɓa wasan ya san sarki a tsakiyar fili gaban sarauniya tamkar mutum ne da hadari ya tarar a fako.

A nan sai mu yi maganar agogo. Kowane ɗan wasa na da awa biyu da rabi domin taku 40 na farko, daga nan awa ɗaya ga kowane taku 16. Ke nan shingen lokaci na biyu yana kan taku na 56. Wanda lokacinsa ya ƙare kafin ya kai shingen ya faɗi, komai kyan matsayinsa. A wancan zamani kuma idan an yi awa biyar ana dakatar da wasa, mai taku ya rubuta takunsa a takarda a rufe a ambulan a ba alƙali, a ci gaba wata rana. Tsakanin zama da zama mataimaka kan kwana suna bincike. Karpov na da tsohon zakaran duniya Mikhail Tal a tawagarsa, Korchnoi na da Raymond Keene da Michael Stean daga Ingila. Korchnoi kuwa an san shi da ciwo guda tun yana matashi: yakan zurfafa tunani har agogo ya kusa cinye shi.

A taku na 55, saura biyu ya tsallake shingen, lokacinsa ya kusa ƙarewa. Sarkin Karpov na gidan d5. Giwar Korchnoi mai farin gida na da hanya biyu ta kai masa hari. Idan ta je f7, sarki ya ja zuwa c6, sarauniya ta biyo ta e6, daga nan babu mafita, cikin 'yan taku kaɗan an kama sarki. Korchnoi ya ɗauki giwar ya ajiye ta a e4. Dokin Karpov ya cinye ta nan take, soja ya rama a kan dokin, sarki ya cinye sojan ya ci gaba da kutsawa cikin gidan abokin gaba. Bayan 'yan taku aka yi musayar sarauniyoyi, hadarin ya washe.

Da na kai wannan wuri na tsaya, na jera matsayin, na ba wani ƙanena da bai fi shekara biyu da fara wasa ba, ban gaya masa na su wane ne ba. Bai daɗe ba ya ce f7. Na ji wani iri a raina. Yaro a kan tabarma, babu agogo, babu likita mai zura ido, babu iyali a hannun hukuma, ya ga abin da gwarzon da ya kayar da Spassky bai gani ba. Da na faɗa wa Mushe, sai ya ce, "Ai ɗan kallo shi ya fi kowa iya kokawa. Sa masa agogo ka gani." Gaskiyarsa. Tun ranar na rage yi wa manya dariya idan na ga alamar kuskure a gefen takunsu a littafi.

Akwai wani abu da na lura da shi da kaina, wanda ya sa nake ganin wasan nan kamar an tsara shi. Giwar da ta mutu a e4 ita ce mai farin gida. Wadda ta rage wa Korchnoi ita ce mai baƙin gida. Wannan bambanci shi ya yanke hukuncin taku kusan 70 da suka biyo baya.

Ga yadda abin yake. Bayan an ci gaba da musaya, allo ya kusa zama wayam. Korchnoi na da sarki, da giwa, da soja ɗaya a a3. Karpov na da sarki da sojoji biyu, a a4 da b5. Wanda ya dubi allon da ido kawai zai ce farare sun gama ci, tunda suna da rarar giwa sukutum. Amma hanyar cin ita ce sojan nan ya kai layi na takwas ya zama sarauniya, kuma gidan da zai shiga, a8, fari ne. Giwa mai baƙin gida ba ta iya korar kowa daga can. Idan sarkin baƙaƙe ya shige wannan lungu ya zauna, ba mai fitar da shi. In aka matsa masa har ya rasa wurin zuwa alhali ba a kai masa hari ba, doka ta ce canjaras ne. Faransawa na kiran wannan hali pat, mu a majalisa maƙalewa muke cewa.

To me ya hana Karpov ya ruga lungun tun farko a huta? Sojansa na b5 ne ya hana shi. Maƙalewa ba ta tabbata sai idan ba ka da wani taku ko ɗaya a allon. Muddin sojan b5 na da rai, idan aka rufe sarkin a lungu dole Karpov ya tura shi b4. Sojan Korchnoi ya cinye shi a karkace, ya bar layin a ya koma layin b, inda gidan ƙarshe, b8, baƙi ne, launin giwarsa. Sojan Karpov na a4 da hanya ta buɗe masa kuma zai tarar giwa na tsaron a1, shi ma baƙin gida. Ke nan dukiyar Karpov ita ce ta zame masa kaya. Muddin sojan na nan, lungu kabari ne, dole sarki ya yi ta yawo a fili. Ranar da aka cinye sojan kuwa, lungu ne kaɗai mafaka, dole sarki ya kasance inda zai iya isa can kafin a tare masa hanya.

Aikin Korchnoi shi ne ya haɗa sarki da giwa ya kora sarkin Karpov nesa, can ɗaya ɓangaren, sannan ya koma ya cinye sojojin kafin wancan ya dawo. Aikin Karpov shi ne kada ya yi nisan da ba zai dawo ba, kada kuma ya yi kusan da za a rufe shi. Na yi kwana uku ina gwada wannan da ƙanena, muna musayar ɓangare. Sau da yawa mai baƙaƙe a cikinmu yakan faɗi saboda taku guda da ya karkata hagu maimakon dama. Karpov ya yi ta taka wannan siraɗi na tsawon taku masu yawa bai zame ba. Daga bisani Korchnoi ya cinye sojan b5, amma sarkin Karpov na inda ya kamata. Saura soja ɗaya a a4, farin gida, giwa ba ta iya taɓa shi, sarki kuma in ya tafi ɗauko shi ya saki hanyar lungu.

Daga nan kowa a zauren ya san an gama. A al'ada ɗaya zai ɗaga kai ya ce wa ɗaya, mu raba. Amma gabar da ke tsakaninsu ta kai inda babu mai son kalmar ta fito daga bakinsa. Sai Korchnoi ya ƙare abin da hannu. Sarkinsa na f7, na Karpov na h7, ya ɗauki giwa a taku na 124 ya ajiye a g7. Sarkin Karpov ba a kai masa hari ba, amma duk gidan da ke kewaye da shi a tsare yake, sojansa kuma ya yi karo da na a3. Babu taku. Doka ta faɗi abin da bakinsu ya ƙi faɗa. An ruwaito Korchnoi ya ce ya ji daɗin maƙale zakaran duniya, domin a ganinsa akwai ɗan ƙasƙanci a ciki. Da a tsohon shaɗaranjin Larabawa ne, inda galibi wanda ya maƙale abokin wasansa shi ke da nasara, da ya ci. Dokar canjaras a wannan hali ba ta zauna daram a ko'ina ba sai a ƙarni na 19.

A kan wannan ƙarshe muka saɓa da Mushe, kuma har ya rasu ba mu daidaita ba, Allah ya jiƙansa. Shi yana ganin taku hamsin na ƙarshe ƙeta ce zalla, dattijo ya ɓata ƙarfinsa domin huce haushin kuskuren da shi ya yi da hannunsa, a gasar da ba a san ranar ƙarewarta ba, gaban yaron da ya girma da shekara 20. Ni kuwa na ce masa, "Mushe, ai ni da ƙanena mun gwada, mun ga akwai rami a hanyar. Wanda ke da giwa yana da haƙƙin ya tambaya ko abokinsa ya san hanya." Ya ce, "Tambaya sau ɗaya ake yi, ɗana. In ta kai hamsin ta zama zagi." Yau da na ƙara shekaru ina ganin kowannenmu ya riƙe rabin gaskiya. Muddin sojan b5 na allon, gwaji ne na halal. Bayan an cinye shi, abin da ya rage fushi ne.

Sauran gasar ta nuna nauyin abin da ya kuɓuce. Wasa na shida da na bakwai ma canjaras. Kafin na takwas Karpov ya ƙi miƙa wa Korchnoi hannu, kuma ya ci wasan. A na 17 agogo ya sake cin amanar Korchnoi, ya faɗa tarkon dawakai biyu a wasan da bai kamata ya rasa ba. Bayan wasa na 27 Karpov na da biyar, Korchnoi na da biyu, kowa ya ce an gama. Sai dattijon ya ci na 28, da na 29, da na 31, aka koma biyar da biyar. Karpov ya ci na 32, aka tashi shida da biyar, da canjaras 21.

Masu son Korchnoi kan ce da ya sa giwa a f7 da ya zama zakaran duniya, tunda ci ɗaya ya rage masa. Ban yarda da wannan lissafi kai tsaye ba, domin da ya ci wasa na biyar da sauran wasannin ba su tafi yadda suka tafi ba. Amma ba na jin akwai wanda zai tsaya a biyar a gasar da ake neman shida, ya kuma manta da rana irin wannan. Ya sake samun dama a Merano ta Italiya a 1981, lokacin ɗansa na tsare saboda ƙin shiga soja, Karpov ya doke shi shida da biyu. Sai a 1982 aka bar iyalinsa suka fita. Ya ci gaba da wasa har tsufa, ya rasu a Suwizalan a 2016 yana da shekara 85, bai taɓa riƙe kambun ba. Karpov ya riƙe shi har 1985, lokacin da Garry Kasparov ya karɓe. Wasan nan na taku 124 kuwa ya zauna a matsayin mafi tsawo a tarihin gasar zakaran duniya shekara 43, sai a 2021 a Dubai Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi suka yi mai taku 136.

A allon sakamako na Bagiyo, wasa na biyar ba a ba kowa komai ba. Amma a cikinsa Karpov ya tsira daga kamun da ya riga ya tabbata, ya kuma nuna cewa ko an fi shi giwa ba a ture shi da sauƙi. Korchnoi kuma ya rasa ci mafi kusa da hannunsa a farkon gasa. Abin da Mushe ya so in gane ke nan ranar da na nemi mu raba saboda gajiya.

Littafin rubutun nan yana hannuna yanzu, iyalinsa suka ba ni. A gefen taku na 55 ya ja layi da jan biro ya rubuta f7, ya sa alamar tambaya a gaban e4. Duk yaron da ya zauna gabana ya ce mu bar shi canjaras tun allo na cike, nakan buɗe masa shafin in ce ya je ya bi, kada ya dawo sai ya gama.